Mai Kitso da Yaron Cikin Littafi

Da na haifi 'yata ta fari, gida aka mai da ni wankan jego, wajen mahaifiyata a unguwar Birni, cikin Damagaram. A lokacin ina koyar da Faransanci a wani kolej, wato makarantar sakandare, a Mirriya. Kullum sai na shiga mota da safe in dawo Damagaram da la'asar, na saba da hayaniyar yara da ta 'yan kamasho. Sai ga ni a ɗaki guda, da jaririya mai yawan barci, da Inna a tsaye a kaina da dokokinta. Wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma. Kunun kanwa a kwanon da ya isa mutum uku. Ba ruwan sanyi, ba fita ko da zaure ne. Kafin suna na gama ƙirga azarar ɗakin, na san wadda gara ta fara ci.

Wani abokin aikina, mushen lissafi, kamar yadda muke kiran malami, ya aiko da barka ta hannun mijina: sabulu, 'yar riga, da littafi. Daga baya ya gaya mini bai taɓa karanta shi ba. A wani kwali ya tsince shi a buron dirakta, wato ofishin shugaban makaranta, ya zaɓe shi don ya fi sauran kauri, tunda ya ji an ce jego kwana arba'in ne.

Wani Bature ne ya rubuta shi da yarensu, aka mai da shi Faransanci. Labarin wani yaro ne ɗan shekara takwas, a wata ƙasa mai sanyi, lokacin babban yaƙinsu. Uwarsa ta aike shi ɗebo ruwa a tashar jirgin ƙasa, kafin ya dawo jirgi ya tashi da ita da ƙanwarsa. Daga nan har ƙarshen littafin shi kaɗai ne, daga wannan ƙauye zuwa wancan, kuma duk inda ya sauka akwai wanda yake jiran ya doke shi.

Kwana biyu ina karatu a zuci. A na uku Inna ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ke, mai jego ba ta shiru irin wannan. Ko ki yi magana ko ki yi barci."

"Karatu nake, Inna."

"Me ke ciki?"

"Labari ne."

"To faɗa mini in ji."

Haka muka fara. Bayan wankan safe sai ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta jawo kwaryar gyaɗa tana ɓarewa, ni kuma in karanta layi a zuci in faɗe shi da Hausa. Ba mu yi nisa ba ta tsai da ni.

"Ina baffanninsa?"

"Ba a faɗa ba."

"Kawu fa?"

"Inna, yaƙi ake yi."

"Yaƙin ne ya ci kawun, ko dai kawun banza ne?"

Na ce littafin bai yi bayani ba. Ta ce in ci gaba, amma ita ta riga ta san amsa.

Mun zo inda wani manomi ya ɗauki yaron aiki, yana kwantar da shi a garken aladu, kuma kullum kafin ya ci abincin yamma sai ya zane shi da linzamin doki, ba don ya yi laifi ba, ba kuma cikin fushi ba. Inna ta yi a'uziyya ta ce in rufe littafin nan kafin ya ɓata mini nono. Na rufe. Washegari ban ko gama shan kunu ba ta ce, "Jiya ina muka baro yaron nan? Wajen aladun?"

A mako na uku gashina ya cukurkuɗe saboda tiririn wanka, Inna ta aika a kira mai kitso. Budurwa ce da ba ta wuce ashirin da biyu ba, doguwa, siririya, ba ta da yawan dariya. A bayan tasha take zaune. Kowa a unguwa ya san daga gabas ta zo, can gaba da Diffa, a shekarun da abubuwa suka lalace, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta fiye da haka. Hannunta ake nema, don a kitso da lalle ba ta da na biyu a Birni. Hausarta ta Barebari ce, takan ce wa namiji ta, ta ce wa mace ya. A nan na gyara mata don kada mai karatu ya rikice.

Ta zauna a kujerar tsugunno, na zauna a tabarma tsakanin gwiwoyinta, ta fara tsifa. Inna ta ce kitso ba ya hana baki, in ɗauko littafi. Na fara. Mai kitso ta ce, "Madam, ɗaga murya kaɗan." Ta karkato da kunnenta na dama.

A ranar yaron ya kwana huɗu bai ci komai ba. Ya shiga wani gida da mutanensa suka gudu, ya tarar da burodi guda a kan tebur. Ya durƙusa ya yi kuka, ya gode wa Allah, ya cinye shi tas, sannan ya kwanta ya yi barci mai daɗi, ya yi mafarkin uwarsa. Na karanta wurin a hankali don ni kaina ya taɓa ni. Inna ta share ido da bakin zane.

"Ƙarya ne," in ji mai kitso.

Ba ta daina aiki ba. Na ji tsinken tsaga yana bin tsakiyar kaina.

"Wanne ne ƙarya?" na tambaya.

"Duka. Mai kwana huɗu in ya ci burodi guda sai ya amayar. Kuma ba zai cinye ba, zai ɓoye rabi a cikin wando. Kuma ba zai kwana a gidan ba, mai burodin zai dawo. Kukan ma ban yarda ba. Da wane ruwan?"

Inna ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. "Ɗiyata, kin san mai littafin ne?"

"A'a, Inna. Amma ya ci abinci kafin ya zauna rubutun."

Na ci gaba da karatu, ta ci gaba da kitso. Da azahar ta gabato ta ɗaure rabin gashin da zare, ta ce kalaba ƙanana ce ta fara, ba ta ƙarewa a yini guda, gobe za ta dawo. Na san masu yin ta a zama ɗaya, ita ma na taɓa ganin ta yi wa ƙanwata tsakanin azahar da magariba. Tawa ta ci kwana uku. Da aka gama ta duba ta ce tsagar ta karkace, ba za ta bari a ga hannunta a haka ba, ta tsefe. A jegon nan sau biyar aka yi mini kitso. Duk zuwan da mijina zai yi sai ya tarar da sabo, har ya fara zaton don shi ake yi. Ban gyara masa ba.

Ba kullum take ƙaryata littafin ba. Akwai inda yaron ya koyi duba karen gida kafin ya yi sallama. In kare yana maƙale jela yana bin bango, sai ya wuce, don mai dukan kare zai doki yaro. Ta ce, "Nan ya yi gaskiya. Wannan wani ne ya gaya masa." Sai ta ƙara da cewa ita ba kare take dubawa ba, don ba kowane gida ke da shi ba. Tsayawa take a bayan darni ta saurara. Gidan da mace take ta faɗa da yara da ƙarfi, tana zaginsu, nan ake shiga, za a zage ka a ba ka abinci. Gidan da aka yi tsit da rana, yara suna ciki amma ba a jin su, a wuce.

Inna ta ce, "Yaushe kika yi wannan?"

"Ina 'yar sha ɗaya."

Ba a rana ɗaya ta ba mu labarin ba. Gutsure-gutsure ya riƙa zuwa, duk lokacin da yaron littafin ya yi wani abu da ya tuna mata. Ba ta canja murya in za ta faɗa. Yadda take cewa in sunkuyar da kai, haka take faɗin sauran. Ni ce na jera shi daga baya.

Ƙauyensu a bakin kogi yake. Ubanta manomin tattasai ne. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, daga ita sai yayarta mace. Wata rana da hantsi jakinsu ya tsinke igiya, aka aike ta nemansa. Ta same shi a fadama yana cin ciyawa. Tana kama igiyar ta ji ƙarar babura da yawa, sannan ta ji harbi. Ta kwanta a cikin ciyawa da igiyar a hannu.

"Abin da na fi tsoro shi ne jakin ya yi kuka," in ji ta. "Jakin nan kullum cikin kuka yake. Ranar bai yi ba."

Sai washegari ta shiga garin. Rabin gidajen sun ƙone. Maza suna kwance a jere a jikin katangar masallaci, ubanta ne na uku. Hularsa ta faɗi gefe, ta ɗauka ta kaɗe ta mayar masa. Mata da yara ba ko ɗaya, ba ta san ko gudu suka yi ko tafiya aka yi da su ba. Ta kira sunan yayarta sau biyu, ta ji muryarta ta yi ƙarfi da yawa, ta daina. Ta shiga gidansu ta sha ruwa a randa. Ta ce ruwan yana nan da sanyinsa. Ta ɗauki kwano ɗaya, ta hau jaki, ta bi hanyar da ta ga sawun mutane ya fi yawa.

A kwana na biyu ta haɗu da wani mutum a hanya, babba, da gemu da carbi. Ya ce jakinsa ne. Ta ce na babanta ne. Ya mare ta, ta faɗo, ya hau ya tafi.

"Tun ranar wannan ba ya ji," ta ce, ta taɓa kunnenta na hagu da bayan hannu don yatsunta da man kitso. "Marin bai dame ni kamar jakin ba. Da ƙafa garuruwan nan da nisa."

Ta yi ta tafiya, tana tsayawa a bayan darni tana saurare. Wani gidan a ba ta, wani a kore ta, don a lokacin mutane suna tsoron baƙo ko da yaro ne. Sau ɗaya yunwa ta sa ta shiga gidan da ta san bai kamata ba, mai shiru. Matar gidan ta dube ta daga sama zuwa ƙasa ta ce ta zauna. Ta yi damina da rani a wurin. Daka, ɗebo ruwa, itace, wanki. Abincinta ƙanzon tukunya. In matar za ta kasuwa sai ta ɗaura mata igiya a ƙafa ta ɗaure a turken akuya. Ranar da ta kama ta tana lasar muciya, ta ɗauko garwashi da cokali ta ɗora mata a wuyan hannu. Mai kitso ta miƙo hannun ta gefen fuskata don in gani. Tabo ne kamar kwabo, lalle ya rufe rabinsa.

"Ba ki iya kwance igiyar ba?" in ji Inna.

"Tun mako na biyu na iya. In ta fita in kwance in yi barci a inuwa, in na ji ta kusa dawowa in ɗaura."

"To me ya hana ki gudu?"

"In je ina, Inna? Nan akwai ƙanzo."

Ta tafi ne lokacin da rumbun matar ya ƙare, ƙanzo ya daina saura. Ta fito kan kwalta ta zauna. Wata kamiyo, babbar motar kaya, mai ɗauke da buhunan tattasai ta tsaya direba ya zuba ruwa a inji, ta je ta tsaya kusa da shi. Ya tambaye ta gidansu, ta faɗi sunan ƙauyen. Sai ya ɗaga ta ya ɗora a saman buhunan. Tun daga nan har Damagaram atishawa take yi, idonta yana ta zubar da ruwa saboda yaji. Duk inda aka tsaya sai mata su ga yarinya tana hawaye su miƙo mata dabino ko ƙuli-ƙuli.

"Da na san haka ake samu, da tuni na nemi tattasai," in ji ta.

A wata bariya, shingen sojoji a kan hanya, aka sauke kowa ana duba takardu. Direba ya ce 'yarsa ce. Sojan ya ja ta gefe ya ce ta faɗi sunan babanta. Ita kuma ba ta san sunan direba ba, sai ta faɗi na ubanta na gaskiya. Sojan ya juya ya dubi direba, da takardarsa a hannu. Direba ya ce e, sunan da ake kiransa da shi ke nan a gida. Sojan ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya mayar masa, ya shiga rumfarsu ya fito da gwangwanin kifin sardin ya ba ta. Ba ta da abin buɗewa. Ta riƙe shi har Damagaram.

A tasha direba ya damƙa ta ga wata tsohuwa mai tuwo, ya ce zai dawo. Bai dawo ba, ko kuma ya dawo ba ta gane shi ba, don ta ce bayan kansa kawai ta sani sosai. Tsohuwar ta sa ta wanke-wanke. Ita ma tana duka, amma yadda take dukan jikokinta haka take dukanta, ba ƙari ba ragi, kuma kwano ɗaya suke ci. A kan jikokin ta koyi kitso. Da tsohuwar ta rasu aka bar mata ɗakin.

Ni a lokacin ina zaune da littafi a cinya da jaririya a gefe. Na yi wa yaron littafin kuka sau uku ko huɗu, wani lokacin har sai na ajiye na sha ruwa. Ita kuwa ban yi mata ko sau ɗaya ba. Ban san inda zan sa fuskata ba, sai na gode Allah da ta kasance a bayana take zaune. Abin da nake iya tunawa shi ne wuyana ya yi ciwo, kuma na kasa cewa ta sassauta hannu.

Ranar da aka zo kan garwashin, Inna ta ture kwaryar gyaɗa gefe. Tashi ta yi ta shiga madafa, ta fito da kwanon kunun kanwata da farfesun da aka dafa don ni, ta dire a gaban mai kitso.

"Inna, ni ban haihu ba."

"Sha."

"Na ci abinci kafin in fito."

"Ban tambaye ki ba."

Ta shanye. Daga ranar kwano biyu ake zubawa, nawa ya ragu, ban yi ƙorafi ba. Inna ta kuma hana ta tafiya da azahar, ta ce rana ta yi zafi, alhali ranar ɗaya ce da ta jiya.

Mun gama littafin saura kwana huɗu arba'in. Yaƙi ya ƙare. Aka tara yaran da ba su da kowa a wata makaranta, ana manna sunayensu a bango. Wata gwaggonsa ta zo ta gane shi. A shafin ƙarshe yana tsaye a taga a gidanta, an yi masa wanka an sa masa sababbin kaya, yana kallon dusar ƙanƙara tana sauka. Na rufe littafi.

"Sai me?" in ji mai kitso.

"Shi ke nan. Ya ƙare."

"Duba baya."

Na nuna mata. Farar takarda ce sai sunan maɗaba'a.

"Wace sana'a ya yi?"

"Ba a faɗa ba."

"Ya yi aure? Ya haihu? Yana dukan 'ya'yansa?"

"Ba a faɗa ba."

Ta karɓi littafin ta auna nauyinsa a tafin hannu. "Duk wannan duka ne. Da aka daina dukansa sai mai rubutu ya gaji."

Inna ta ce ita ta san ƙarshensa: gwaggon ta sa shi a kasuwa, ya zama babban ɗan kasuwa, ya gina mata gida. Mai kitso ta ce a'a, irin wannan yaron ba ya iya kasuwa, don ba zai iya rabuwa da kaya ba, zai yi ta ɓoyewa. Sai dai aikin hannu, wanda mutum zai sunkuya ya yi ba sai ya kalli kowa ba. Inna ta ce to maƙeri. Mai kitso ta ce ko mai gyaran takalmi. Suka yi ta yi har la'asar, aka tsaya a kan mai gyaran takalmi, da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Inna ta so a ce ya je Makka, na tuna mata ba Musulmi ba ne, ta ce wannan kuma tsakaninsa da Allah.

Ranar da take yi mini lallen arba'in na ce mata ya kamata a rubuta nata labarin. Ta ce wa zai karanta. Na ce mutane.

"Su karanta su yi me?"

"Su sani."

Ta ci gaba da zana mini ƙafa. Can ta ce, "In za ki rubuta ki rubuta, Madam. Amma kada ki sa sunana. Iyayen amare ba sa son hannun da suka san abin da ya taɓa. Kuma ki sa abin da ya biyo baya, kada ki tsaya a taga."

Abin da ya biyo baya shi ne wannan. Na koma ɗakina, na koma Mirriya. Ita kuma ta ci gaba da zuwa gidanmu ko ba kitso, ta yi wa Inna tsintar shinkafa, su yi ta gardama a kan abin da bai shafe su ba. Bayan shekara biyu wata mai sayar da turaren wuta da ta zo daga gabas ta ce ta san wata mata a wani sansani a bakin hanya, 'yar ƙauyensu, mai irin tsayinta da irin haƙoranta. Mai kitso ta yi mako guda ba ta ce za ta je ba. Inna ce ta haɗa mata guzuri, ta sa ƙanena ya kai ta tasha.

Kwananta goma sha biyu ta dawo. Na je gidan Inna da yamma na tarar da ita a tabarma tana cin tuwo.

"Ita ce?" na tambaya.

"Ita ce. Tana da 'ya'ya huɗu. Ta yi ƙiba."

"Me ta ce da ta gan ki?"

"Ta kalle ni ta kalle ni. Sannan ta ce ina jakin."

Ta ce sun yi kuka daga baya, da yayar ta ga hannunta. Sun kwana biyu suna lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda ba a sani ba, daga nan magana ta ƙare, don ba su san juna ba. Sai ta tsefe wa yayar kai, wanda ta ce ba ta taɓa ganin lalatacce irinsa ba, ta yi wa 'ya'yan mata biyu, ta yi wa maƙwabta. Yayar ta ce ta zauna, in an samu lafiya su koma ƙauye tare, gonar tattasai tana nan. Mai kitso ta ce mata tana da kitson amarya ranar Alhamis. Suna waya yanzu, yawanci ranar Juma'a.

Ta yi aure bayan nan, da wani tela mai shago a bakin kasuwa, mutum mai sanyin hali da ba ya son tafiya ko Mirriya. Inna ce ta yi mata gara, ta kuma yi faɗa da dangin ango a kan kujeru kamar yadda ta yi a nawa auren. Da ta haihu, a ɗakin da na yi jego ta yi nata. Na kai mata barka na tambaye ta ko in kawo littafi. Ta ce in na samu wanda ba a dukan kowa a ciki in kawo. Na duba kwalin buron dirakta, ban samu ba.

Inna ta rasu shekara uku da suka wuce, bayan gajeriyar jinya. Mu uku ne mata a wajenta. A zaman makoki mai kitso ta zauna a layinmu, ana yi mata gaisuwa tana amsawa, in an tashi ta koma madafa. Dangin Inna na ƙauyen Gaffati da ba su san ta ba suna ta tambaya a ɓoye ko 'yar wa ce, don ba ta yi kama da kowa ba.

Bayan addu'ar bakwai, gwaggonmu, ƙanwar Inna, ta buɗe akwatin zannuwa ta fara rabawa a kan tabarma. Ta yi kashi huɗu. Mai kitso ta ɗaga nata ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ta zo kan wata atamfa ruwan goro ta ce wannan ba ta karɓar fatarta, ƙanwata ta ba ta shuɗiyar da ke kashinta su yi musaya. Ƙanwata ta ce shuɗiyar ta fi sabunta, sai dai a haɗa mata da ɗankwali. Suka yi ta ja har gwaggo ta ce su ji kunya, mutane suna zaure. A ƙarshe aka haɗa da ɗankwalin.